Amsar da Na Bayar a Bakin Mijina

Sunana Ladi. Badukkiya ce ni daga wani ƙauye a ƙasar Rijau, yanzu ina zaune a Kontagora gidan ɗana Luka. Ban shiga aji ba ko na yini ɗaya, amma tun ina budurwa in na ɗauko labari a bakin turmi, mata kan manta da daka. Wannan karon ina faɗi ne, Hannatu matar Luka tana rubutawa, na kuma ce da ita kada ta tsallake wurin da na ji kunya. Labarin ciwon mijina Maidawa ne, da jinyar wata biyar da na yi masa. Ina ba da shi saboda masu tsofaffi a gida, da kuma matan da ke tafiya sujada su kaɗai, mazansu na zaune a ƙofar gida.

A wurinmu ba a ba namiji mata sai ya yi golmo, wato ya yi wa uban yarinya noma shekara da shekaru. Maidawa shekara bakwai ya yi a gonar ubana. Muna da 'ya'ya uku mai bishara ya iso ƙauyenmu, na ba da gaskiya ga Yesu, aka yi mini baftisma a rafi. Maidawa bai hana ni ba. Shi ma ya saro itacen da aka rufa majami'ar farko, ya hau ya ɗaura ciyawa da hannunsa, amma ƙafarsa ba ta taɓa shiga ciki ba. Shi ne babban ɗa a gidansu, kuma kafin tsohonsa ya mutu ya damƙa masa aikin zuba giyar sabuwar dawa a kan kabarin kakanni. In na dame shi da maganar tuba sai ya ce, "Ladi, na riga na ba tsohona baki." Shekara arba'in da ɗoriya muna haka. Ko da zaman ƙauye ya yi wuya Luka ya kwaso mu zuwa gari, duk kaka sai ya koma ya yi aikinsa.

Ciwon bai zo mana babu sallama ba. Ya daɗe yana kukan ciwon kai ta wajen ƙeya, da jiri in ya sunkuya. Sai ya aika kemis a sayo masa ƙwaya, ya sha, ya ɗauki fartanya. Wata rana ƙoƙon kunu ya suɓuce daga hannunsa, bakinsa ya ɗan karkace, kafin in wanko ƙoƙon ya dawo daidai. Dariya muka yi, na ce tsufa ne ya zo gaisuwa. Ku da kuke ji, in kun ga irin wannan, ku bar dariya ku nemi asibiti. Daga baya likita ya gaya mini wannan ranar ce aka ba mu dama, muka yar da ita.

Ana jiran ruwan shuka, ran wata Talata da hantsi, yana wasa galma a tsakar gida, sai na ji ƙarfe ya faɗi. Na fito na tarar da shi a ƙasa, ɓarin dama duk ya saki, yawu na zuba. Luka direban babbar mota ne, yana hanyar kudu da lodin masara. Maƙwabcinmu mai keke mai ƙafa uku, Musulmi, shi ya bar fasinjansa ya ɗauke mu, Allah ya saka masa.

Satin farko a asibiti muka yi shi. Mutum yana mutuwa a hannunka, a ce sai ka bi layi ka yanki kati! Na yi faɗa har mai gadi ya ce in rage murya, na ce ya fara rage layin. Amma wata nas da ta auna jininsa ta dubi abin awon, ta sake aunawa, ta ruga ta kira likita, kuma ita ta samo mana gado a ɗakin da wasu ke kwance a ƙasa. Aka ce hawan jini ne ya toshe masa wata jijiya a kai. Aka sa masa ƙarin ruwa, aka zura roba ta hanci ana ɗura masa kunu. Akuyoyina biyu a nan suka tafi, ban yi kukansu ba.

A sati na biyu bakinsa ya fara buɗewa, sai ga abin mamaki. Dukanci kaɗai ke fita. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana cinikin dawa da Hausa a kasuwannin Rijau da Bangi, ko "sannu" ya kasa. In nas ta tambaye shi, sai ya yi ta motsa leɓe, abin ya ƙi. Ni kuwa sai in yi maza in juya masa da yarenmu, in juya musu amsarsa. Na ɗauka Hausar ta fita daga kansa gaba ɗaya, ta baki da ta kunne. Ba wanda na tambaya. Gaskiya ma abin ya ɗan yi mini daɗi. Likita da karatunsa, sai ya jira ni kafin ya san inda ke yi wa majinyacinsa ciwo.

Sati na uku aka sallame mu, gida ya cika da masu dubiya, kowa da maganinsa. Dangi daga ƙauye suka ce iska ce ta buge shi, a yi masa tsaga a shafa gari. Ƙanensa Audu, wanda ya musulunta yana zaune a Beri, ya kawo rubutu a kwalba, ya ce, "Yaya Ladi, ki ba shi, ba ya hana na asibiti aiki." Matan zumunta, ƙungiyarmu ta matan majami'a, suka kawo man zaitun. Na karɓi na kowa na gode, na jera a bayan randa, na ci gaba da ƙwayoyin likita. Tsaga dai na ce ba a jikin mijina ba.

Wanda ya kawo abin da ya fi kowanne ɗaci shi ne Dattijo Yohanna, ɗaya daga cikin dattawan ikilisiyarmu, mutum mai karatu, ba ya rabo da Littafi a hammata. Ya ja kujera har bakin gadon Maidawa, ya yi addu'a, sa'an nan ya juyo gare ni da Hausa, kamar mu biyu ne a ɗakin.

"Mama Ladi, kin lura da harshen da aka ɗauke masa? Wanda ake yi masa wa'azi da shi ne. An bar masa na tsafi."

Na ce, "Likita ya ce jijiya ce."

"Wa ya halicci jijiyar? Akwai sarkin Masar da Allah ya taurare wa zuciya don ya nuna ikonsa a kansa. Akwai tagwaye, tun suna ciki, ba su yi nagarta ko mugunta ba, aka zaɓi ɗaya aka bar ɗaya. Mutumin da ya shekara arba'in yana jin bishara bai motsa ba, sai mu yi tunani."

"To in Allah ne ya taurare shi, don me zai hukunta shi?"

"Yumɓu ba ya tuhumar magini. Daga curi ɗaya ya gina tukunyar daraja, ya gina wadda za a fasa."

Na ce, "Dattijo, uwata maginiya ce, a gindinta na girma. Na ga tukunyar da ta fashe mata a wuta, ta zauna ta yi tagumi. Ban taɓa ganin ta kwaɓa yumɓu, ta sha wahalar gini, don kawai ta fasa ba."

Ya ce, "Allah ba uwarki ba ce."

Na raka shi ƙofa ina murmushi, don ba na bari a ga an kayar da ni. Amma maganar ta shige ni kamar ƙaya. In ina goge wa Maidawa jiki da ruwan ɗumi sai in dubi hannun nan da ya ciyar da ni, in ce, ashe tun ba a haife shi ba aka gama shari'arsa? To addu'ar da nake yi shekara arba'in fa, a ƙofar da aka riga aka toshe nake bugu? In na durƙusa, maimakon roƙo sai in kama gardama da Ubangiji. Na tuna masa itacen majami'a. Na tuna masa shekarar yunwa da Maidawa ya buɗe rumbunsa ga matan da mazansu suka mutu. Sai kuma in tuna an koya mana ba aikin kirki ke ceto ba.

A sati na huɗu Fasto Bitrus ya zo. Tsoho ne, mutumin Filato, ba ya jin Dukanci ko na gaisuwa. Hannatu ma ba ta ji, ita Bakambariya ce daga wajen Zugurma. Luka yana hanya. Fasto ya riƙe hannun Maidawa mai lafiya, ya yi masa magana a hankali a kan Almasihu, ya ce, "Baba Maidawa, kana so ka karɓe shi, a yi maka baftisma? Mama, juya masa."

Na juya masa, ban rage ba. Maidawa ya daɗe yana haɗa kalmomi da karkataccen bakinsa. Ga abin da ya ce:

"Gaya masa na gode, mutumin kirki ne. Gaya masa tsohona ya mutu ba wanda ya taɓa kai masa wannan labari. In wuta aka kai shi, wa zai riƙa ɗebo masa ruwa? Inda yake, nan zan je."

Fasto ya dube ni. Hannatu ta dube ni. Na ji muryar Dattijo a kunnena, tukunyar da za a fasa. Na ce a raina, in ƙofa a rufe take, ni zan tura shi ta taga, Allah ya kama ni da laifin. Na buɗe baki na ce, "Ya ce ya yarda."

Fasto ya ce, "Maganar ta yi tsawo, Mama."

Na ce, "Yarenmu haka yake, Fasto, zagaye yake yi kafin ya iso."

Hannatu ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Aka sa rana, Lahadi ta sama, za a zo a yi masa a gida tunda ba ya iya zuwa rafi. Ni Ladi, wadda a zumunta in an rasa mai faɗin gaskiya a fuska ni ake turawa.

Da la'asar na kawo masa kunun gyaɗa, na kai cokali bakinsa. Ya datse haƙora. Na lallashe shi, na yi masa zolaya irin tamu, ya juya fuska bango. Hannatu ta karɓi kofin ta gwada, ya buɗe baki ya sha tas. Washegari haka. Jibi haka. Dukancin ma ya daina yi da ni. In na juya shi don kada bayansa ya yi gyambo, sai ya saki jiki kamar buhu, ba ya taimakona da hannun hagu yadda ya saba. Luka ya dawo ya ji labari, ya yi kuka don murna, ya sayo farin yadi aka kai wa tela. Ya durƙusa ya ce da uban da ɗan Dukancinsa na yaran gari, "Baba, da gaske ne?" Maidawa ya dubi ɗansa, ya dube ni, ya rufe ido. Da kalma ɗaya zai iya tona ni a gaban ɗana. Bai yi ba.

Duk da haka ban gane ba. Na ɗauka ciwon ne ya hau, ya fara ɓata masa hankali.

Ran Larabar sati na biyar ranarmu ce ta komawa asibiti. Tun da sassafe muka kama benci, ba a kira mu ba sai bayan azahar, tsoho na zaune a keken guragu na aro, fitsari ya jiƙa shi, ba wurin canza masa. Wani likita muka samu, ba na farkon ba, yaro ne siriri mai tabarau. Na zayyana masa: ba ya ci a hannuna, ba ya magana, ga Hausa ta gudu. Ya fara yi wa Maidawa tambaya, na buɗe baki zan juya, sai ya ɗaga mini hannu.

"Mama, yau ki huta. Baba, ɗaga hannunka na hagu."

Da Hausa ya faɗa. Hannu ya tashi.

"Taɓa kunnenka."

Ya taɓa.

"Nuna mini matarka."

Maidawa ya daɗe yana kallon taga. Sa'an nan ya miƙo yatsa wajena, bai juyo da fuskarsa ba.

Likita ya ce, "Kin gani? Wurin fitar da magana ne ya lalace, wurin ji yana nan lafiya. Duk abin da kuke faɗi a gabansa yana ji, amsawa ce ba ya iyawa. Ku riƙa lura da bakinku a ɗakinsa."

Ban san yadda na fito daga ɗakin nan ba. Ashe yana kwance yana ji Dattijo ya kira shi tukunyar fasawa. Ashe yana ji matar da ya yi wa noman shekara bakwai ta ɗauki a'arsa ta mai da ita i, a gaban idonsa, shi kuwa ba bakin da zai ce ƙarya ne. Ciwo ya ƙwace masa harshe ɗaya, ni na ƙwace ɗayan.

Ran Alhamis na yafa gyalena na tafi gidan Fasto. Na same shi a bayan majami'a yana cirar ciyawa a 'yar gonar kuɓewarsa. Ban zauna ba, a tsaye na faɗa masa duka, don na san in na zauna zan fara gyara maganar. Ya ajiye fartanya, ya goge hannu a wando, ya nuna mini kututture.

"Na yi zato, Mama. Amma na so ya zama gaskiya, shi ya sa ban matsa ba. Da laifina a ciki. Me kika yi tsammani ruwan zai yi masa?"

Na ce, "Ban sani ba. Na ce ko in an ga alamar a jikinsa a bar shi ya wuce."

"Kamar shingen 'yan sanda?"

Na yi dariya da hawaye a fuskata. Sa'an nan na juye masa abin da Dattijo ya ce, sarkin Masar da tagwaye da tukunya. Na ce, "Fasto, kada ka lallashe ni, ni ba yarinya ba ce. Yana cikin Littafi ko babu?"

Ya ce, "Yana ciki. Ba zan goge miki shi ba. Allah yana zaɓe, ba kuma don wani ya fi wani ba. Ke kanki, me kika fi Maidawa da shi da kika ji kira a rafin nan?"

Gaskiya ban fi shi da komai ba, sai baki.

"Amma Dattijo daga tsakiya ya ɗauko miki. Manzon da ya kawo misalin maginin nan, da baƙin ciki ya buɗe maganar. Danginsa ne suka ƙi ba da gaskiya, abin yana cinsa, har ya ce da zai yiwu a yashe shi a madadinsu, da ya yarda. Da ya gama maganar zaɓe kuma bai naɗe hannu ba, ya ci gaba da yi musu addu'a. Wanda ya karanta wurin nan idonsa a bushe, bai karanta shi yadda aka rubuta ba. Sarkin Masar kuma, an faɗa Allah ya taurare shi, an kuma faɗa shi ya taurare kansa, sau da yawa. Biyun suna nan gefe da gefe. Na shekara talatin ina wa'azi ban iya ɗinke su ba."

"To Maidawa wanne ne? Zaɓaɓɓe ne ko na fasawa?"

"Ba a nuna wa Dattijo sunayen ba. Ba a nuna mini ba. In yana ciki, ba ya bukatar ƙaryarki. In kuwa kina tsoron Allah zai zalunce shi har sai kin yi masa wayo, to ba Maidawa kaɗai ke fama da rashin bangaskiya a gidanku ba."

Wannan ta buge ni fiye da ta likita. Shekara arba'in ina kallon mijina a matsayin marar ba da gaskiya. Ban taɓa juyawa na ga cewa ni ma, da abin ya zo wuya, ban amince Allah zai yi daidai ba sai na sa hannu.

Ya ce zai sa ni horo, wata biyu ba zan ci Jibin Ubangiji ba, wato gurasar da muke ci don tunawa da Yesu, zan zauna bencin baya. Na ce ko shekara ce. Ya ce, "Wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar yana gida."

Ran Asabar Fasto ya zo. Na tara Luka da Hannatu a ɗakin. Na durƙusa a gaban gado, gwiwoyin nan nawa da ba su saba durƙusa wa mutum ba, na faɗi da Hausa ainihin abin da Maidawa ya ce, kalma bayan kalma, har da ruwan da zai ɗebo wa tsohonsa. Luka ya fita waje. Na juya da yarenmu na ce, "Baban Luka, na ci amanarka. Ka yafe mini."

Ya juyo da fuskarsa gare ni. Sa'an nan, karon farko cikin kwana goma sha ɗaya, ya yi mini magana.

"A gonar ubanki ban taɓa rufe ciyawa da ƙasa na ce na nome ba."

Na ce, "Na sani."

"Juya wa Fasto wannan, kada ki taɓa ta. Tsohona yana ina?"

Na juya. Fasto ya matso, ya dubi Maidawa ido da ido, ba ni ba. Ya ce, "Baba, ban sani ba. Hanya ɗaya aka nuna mini, ita ce Yesu, ita nake kiranka gare ta, ba zan fasa ba. Amma mahaifinka da bai taɓa ji ba, yana hannun Alƙalin da ya san abin da kowa ya ji da abin da bai ji ba. Ba a sayensa, ba ya kuskure. Iyakar abin da na sani ke nan."

Maidawa ya yi wani sauti, rabin tari rabin dariya. Ya ce, "Cikin masu Littafi, wannan ne na farko da ya ce bai sani ba. Gaya masa ya riƙa zuwa." Ya ɗan tsaya, ya ƙara, "Kunun nan fa, surukarki ba ta iya sa tsamiya ba."

Hannatu, rubuta, ai haka ya ce. Na dama wani, ya sha a hannuna.

Ba a yi baftisma ran Lahadi ba. Farin yadin Luka ya naɗe ya sa a akwati, ya yi sati biyu ba ya haɗa ido da ni. Na zauna bencin baya wata biyu, matan da na sha yi wa faɗa suna waiwayowa. Ban mutu ba.

Sauran watannin jinya ce zalla. Juyi kowane 'yan awoyi, wanki, shanya a damina da ba ta barin kaya su bushe. Duk da ƙoƙarinmu gyambo ya fito masa a ƙugu, mu wanke da ruwan gishiri yana cije baki. Mai gashin ƙashi ya riƙa zuwa yana miƙar masa da hannu da ƙafa, har ya iya zama da kansa, tsayuwa dai ba ta samu ba. Abinci ba gishiri ba dunƙule, yana ci yana zagin likita da Dukanci. Masu dubiya suka ragu, kamar yadda suke yi. Audu bai fasa zuwa ba, duk ranar kasuwa da 'yar zuma ko ƙwai. Na kafa doka a ƙofar ɗaki: duk mai magana ya yi da shi, kada ya yi a kansa. Dattijo Yohanna ya sake zuwa sau ɗaya, na gaya masa abin da likita ya ce. Ya shiga ya gaishe da Maidawa da hannu biyu, ya fita. Bai ba da haƙuri ba, amma washegari ya aiko da kaza.

Fasto kuwa duk Alhamis yana nan. Ya ba da labari daga Littafi, Maidawa ya yi tambaya, ni in juya. Wasu tambayoyin ba'a ce, wasu kuwa sai da na ga Fasto ya sunkuyar da kai. Ya tambaya don me Allah ya jira har tsohonsa ya mutu kafin ya aiko mai bishara. Ya tambaya ko a can ana barin mutum ya gaisa da nasa. Wata rana ya sa aka maimaita masa labarin ɓarawon da aka gicciye kusa da Yesu, har sau biyu, ya ce, "Shi wannan ba a kai shi rafi ba?" Fasto ya ce ba a kai shi ba. Na jira. Maidawa ya ce, "Hm." Ya nemi a gyara masa matashi. Na juya "hm" ɗin yadda take, ban ƙara mata ko gishiri ba.

Dawa ta fara fitar da kai ciwon ya sake bugunsa. Wannan karon ko Dukancin bai rage ba. Kwana uku ya yi. Ran na ukun da safe, Luka ya tafi neman mota, Hannatu tana wajen murhu, ni kaɗai ce a ɗakin. Ina riƙe da hannunsa na hagu ina yi masa waƙar sujada da yarenmu. Ya matse yatsuna, ya saki. Shi ke nan.

Muka kai shi ƙauye, danginsa suka binne shi kusa da tsohonsa bisa ga al'adarsu. Audu da Luka suna cikin masu ɗaukarsa. Fasto ya bi mu duk da halin hanya, ya tsaya daga gefe, hularsa a hannu.

Har yau ban warware maganar zaɓe ba. Wani lokaci ina tsince wake sai in ji na koma gardama da Ubangiji, sai dai yanzu in na gama nakan ce, kai ka san abin da ya ji da abin da ya hana shi, ka fi ni saninsa, ka kuma fi ni adalci. Wata rana ina faɗin haka da dukan zuciyata. Wata rana da baki kawai.

Abin da zan ce da ku: ku kai tsofaffinku a auna musu jini tun suna tafiya da ƙafarsu. Wanda ciwo ya kama wa baki, ku ɗauka yana jinku. In kuma aka sa ku zama bakin wani, ku ji tsoron wannan aiki.

Ranar da na koma zumunta bayan zaman makoki, mata sun cika majami'a. Aka yi mini waƙa, aka yi addu'a. Da aka natsa, matar Dattijo ta matso ta kama hannuna, da hawaye na gaske a idonta, ta ce, "Mama Ladi, ke kaɗai ce a wurin. Ki sanyaya mana zuciya. Ya karɓa kafin ya tafi?"

Duk suka zuba mini ido. Ba mai shaida a duniya sai ni. Ya matse hannuna ina tsakiyar waƙar Yesu, wannan gaskiya ne, kuma na san yadda zan ba da labarin har kowa ya tashi yana guɗa. Na iya. Ba a taɓa fina iya wannan ba.

Na ce, "Ya matse hannuna. Bai ce komai ba."

Ta ce, "To ai matsewar nan..."

Na ce, "Ban san abin da take nufi ba. Na taɓa amsawa a bakinsa sau ɗaya. Wannan shi zai amsa da kansa, a gaban Wanda ke jin Dukanci."